Darasi: Funfunar da Ta Kama Tsiro Shekara Miliyan 407 da Suka Wuce

A watan Disamba na 2023 mujallar kimiyya ta Nature Communications ta buga rahoton wasu masana a ƙarƙashin jagorancin wata Bafaranshiya, Christine Strullu-Derrien, wadda ke bincike a Gidan Adana Tarihin Halittu na Landan. Abin da suka gani ƙarami ne ƙwarai, ido ba ya kama shi sai da madubin kimiyya. Wata funfuna ce a jikin wani ɗan tsiro, su biyun sun sandare a cikin dutse tun kimanin shekara miliyan 407 da suka wuce. Suka raɗa mata suna Potteromyces asteroxylicola, suka ce a cikin funfunar da ke sa wa tsiro cuta, ba a taɓa samun wadda ta kai ta tsufa ba.

Mai hankali zai tambaya: da aka ce cuta ce, wa ya gani? Manomi yana gane cuta a gonarsa ne saboda kullum yana zuwa. Jiya ganye kore shar, yau ya yi ɗige-ɗige, jibi ya zube. Masanin burbushin halittu ba shi da jiya, ba shi da jibi. Abin da ke hannunsa guntun dutse ne da ya kama halittu biyu a lokaci guda ya tsayar da su cak. Yadda ake fitar da hukuncin cuta daga irin wannan shaida, shi za mu koya a wannan darasi.

Funfuna da yadda take cin abinci

Kowa ya san funfunar da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu a rufe, ko burodin da aka manta a leda da damina. Masana halittu suna sa ta gida ɗaya da naman kaza mai tsirowa a kan juji bayan ruwan sama, da yis ɗin da masu burodi ke sa wa kwaɓi ya tashi, da abin da ke jawo makero a kan yara da kyasfi a jikin manya. A wannan darasi duk za mu kira su funfuna.

An daɗe ana lissafa su cikin tsirrai, amma ba tsirrai ba ne. Tsiro yana da koren sinadari a ganyensa, da shi yake haɗa abincinsa daga hasken rana da ruwa da iska. Funfuna ba ta da wannan baiwa, dole ta ci abin da wani ya riga ya haɗa. Jikin mafi yawansu zare-zare ne da suka fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Zaren yana kutsawa cikin abin da za a ci, ya zuba masa ruwan narkarwa, ya tsotse. In lokacin yaɗuwa ya yi, sai ta fitar da ƙurar iri, iska ko ruwa su ɗauka su kai wani wuri.

Hanyar cin abincin ta kasu uku, kuma ku riƙe wannan da kyau domin a kansa darasin ya tsaya. Akwai masu cin matacce, su ne ke ruɓar da karan dawa da ganyen da ya zube, su mayar da shi taki. Akwai masu zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka da tsiro mai rai: suna shiga saiwarsa, su jawo masa ruwa da sinadarin fosfaras daga ƙasa, shi kuma ya biya su da sukarin da ganyensa ya haɗa. Gero da dawa da masara da wake da gyaɗa duk suna da irin waɗannan abokan a saiwarsu, haka ma mafi yawan tsirran duniya. Sai kashi na uku, 'yan ci-ma-zaune, masu ci daga jikin mai rai ba tare da sun saka masa da komai ba. Burtuntunar da ke mayar da ƙwayar dawa baƙin gari tana cikinsu, da wadda ke sa ganyen gyaɗa ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa da zoben rawaya a kewaye.

Wani fili a Rhynie

Rhynie ƙauye ne a arewa maso gabashin Sukotland, kimanin kilomita 50 daga birnin Abadin. Manoman yankin suna kewaye gonakinsu da katangar duwatsun da suke tsincewa daga cikin gonar. Wajen 1912 wani likita daga garin Elgin, William Mackie, wanda sha'awar duwatsu ta sa yake yawo a yankin, ya lura da wasu baƙaƙen duwatsu masu tauri a jikin irin wannan katanga. Dangin ƙanƙarar da ake buga ƙyastu da ita ne. Ya yanki wasu, ya goge su har suka yi sirara haske yana ratsawa, ya duba a madubi. Sai ga karan tsirrai a ciki, ƙwayoyin halittarsu jere, kowace da bangonta, kamar yau aka yanko su.

Dutsen ba ya fitowa fili a ko'ina, yana ƙarƙashin gona ne, saboda haka sai da aka haƙa ramuka kafin a kai ga inda yake kwance. Masana tsirrai biyu, Robert Kidston da William Henry Lang, suka ɗauki aikin. Daga 1917 zuwa 1921 suka fitar da rahotanni biyar a mujallar Ƙungiyar Masana ta Edinbara, rahotannin da har yau ake komawa gare su. Tsiron da funfunarmu ta kama su suka fara bayyana shi a 1920, suka sa masa Asteroxylon mackiei don girmama likitan.

Duniyar da waɗannan tsirrai suka rayu a ciki ba ta yi kama da tamu ba. A lokacin, ƙasar da ta zama Sukotland tana kudu da layin da ya raba duniya biyu, a yanki mai ɗumi. Babu bishiya ko ɗaya, babu ciyawa, babu fure, babu 'ya'yan itace, babu tsiron da ke yin ƙwaya. Babu tsuntsu a sama, babu dabba mai ƙashin baya da ke tafiya a tudu. Tsirran da ke wurin 'yan sanduna ne kore masu rabuwa biyu-biyu, mafi yawansu ba ganye ba saiwa ta sosai, tsawonsu bai wuce taƙi ɗaya ba. Asteroxylon ne babba a cikinsu, yana kaiwa santimita 40, wato bai kai gwiwar babban mutum ba. Shi ne kuma jikinsa ke rufe da 'yan ƙananan ɓawo masu kama da ganye, kowane bai wuce milimita biyar ba. A tsakanin sandunan nan ƙananan halittu ne ke yawo, dangin gizo-gizo da kaska da shanshani.

Mutanen Nijar sun san ƙasusuwan manyan dabbobin da aka haƙo a Gadufawa cikin hamadar Tenere, waɗanda shekarunsu ke wajen miliyan 110. Tsirran Rhynie sun ninka su tsufa fiye da sau uku. Ana ƙiyasta irin waɗannan shekaru ne da wasu sinadarai da ke rikiɗewa a hankali da saurin da aka sani, misali yuraniyom da ke komawa dalma. In aka auna nawa ya rage, nawa ya rikiɗe, sai a san tun yaushe dutsen ya daskare. An yi irin wannan awo ta hanyoyi biyu a duwatsun yankin. Ɗaya ya ba da kimanin shekara miliyan 411, ɗaya miliyan 407, kuma na biyun ne aka fi ambata.

To me ya hana su ruɓewa? Yawancin burbushin tsirrai da ake samu a duniya tambari ne kawai: ganye ya faɗa cikin laka, laka ta danne shi, ya bar baƙin zane a jikin dutse. Siffar waje ta rage, abin da ke ciki ya tafi. Rhynie ta bambanta ne saboda maɓuɓɓugan ruwan zafi. Ba irin na Wikki da ke Yankari ba, mai ɗan ɗumi da ake wanka a ciki. Na Rhynie tafasasshen ruwa suke tofowa daga ƙarƙashin ƙasa inda duwatsu masu aman wuta ke ɗumama shi, irin wanda ake gani yau a Yellowstone ta Amurka. Ruwan yana ɗauke da narkakkiyar silika, sinadarin da ake samu a yashi kuma ake yin gilashi da shi. Lokaci-lokaci sai ya malala ya shiga fadamar da tsirran suke. Yana hucewa silikar tana daskarewa, ta lulluɓe tsiron, ta shiga cikin ƙwayoyinsa ta cika su tun kafin ruɓa ta yi nisa. Wasu tsirran a tsaye aka same su, inda suka tsiro. Da shekaru suka tura, silikar ta zama wannan baƙar ƙanƙara. Duk abin da ke jikin tsiron a ranar da ruwan ya zo, har da zaren funfuna, ya shiga dutse tare da shi.

Ganin funfuna ba ganin cuta ba ne

Tun a rahotonsu na 1921 Kidston da Lang sun ga funfuna birjik a cikin tsirran, zare da ƙunshin iri, suka tara su ƙarƙashin suna Palaeomyces. Amma ganin ungulu a kan mushe bai nuna ita ta kashe dabbar ba. Fadama cike take da matattun kara, kuma masu cin matacce ne suka fi yawa a irin wannan wuri. Funfunar da aka gani a cikin kara tana iya zama ta shiga ne bayan ya mutu. Tana iya zama abokiyar zama. Tana iya zama mai cuta. Siffar zaren kaɗai ba ta rabewa, domin duka ukun zarensu kusan iri ɗaya ne.

Mafita ita ce a ɗauke ido daga funfunar a mayar kan tsiron. Matacce ba ya kare kansa. In funfuna ta shiga karan da ya riga ya mutu, za a ga ƙwayoyin sun rushe, bangonsu ya farfashe, zare ya bazu ko'ina ba tsari, kuma babu alamar an yi yunƙurin tare shi. Tsiro mai rai kuwa ba ya zuba ido. Yakan ƙara wa bangon ƙwayarsa kauri daidai inda zaren ke ƙoƙarin hudawa. Yakan gina shinge tsakanin ɓangaren da ya kamu da wanda bai kamu ba. Wani lokaci yakan kashe 'yan ƙwayoyinsa da ke kewaye da baƙon don ya rasa abin ci. Wani lokaci kuma ƙwayoyin su kumbura ko su hayayyafa fiye da kima, su yi ƙullutu. Wanda ya taɓa ganin goyon masara da burtuntuna ta kama, ƙwayoyin sun zama manyan farare-fararen ƙullutai cike da baƙin gari, ya ga irin wannan da idonsa. A nan funfunar ce ke tilasta wa masarar ta gina mata wurin zama, ba masarar ce ke kare kanta ba. Amma ko kariya ce ko tilastawa, sai nama mai rai ne zai iya yin ƙullutu. Alamar da masana ke nema a cikin dutse ke nan.

Da wannan ma'auni aka yi ta tantance funfunar Rhynie, musamman daga wajen 1990, lokacin da masana na jami'ar Munster ta Jamus, Winfried Remy da Hagen Hass da Hans Kerp, suka haɗa kai da Ba'amurke Thomas Taylor.

A 1992 suka nuna wata gansakukar ruwa mai suna Palaeonitella, wadda ke rayuwa a ƙananan tafkunan wurin. Wasu ƙananan funfuna, irin waɗanda irinsu ke da wutsiya yana iyo a ruwa, sun huda ta, kuma ƙwayoyin da aka huda sun kumbura sun ninka na lafiya girma sau da yawa. Wannan ci-ma-zaune ne ba tantama, sai dai a cikin ruwa abin ya faru, ba a jikin tsiron tudu ba.

A 1994 suka nuna akasin haka a jikin wani tsiro, Aglaophyton. A cikin wani zobe na ƙwayoyin karansa, zaren funfuna ya shiga ya yi rassa ƙanana a cikin kowace ƙwaya, ƙwayar kuma lafiyarta lau, ba rauni ba kumburi. Irin waɗannan rassa su ake gani yau a saiwar dawa da wake, kuma a nan ne ake musayar sukari da fosfaras. Ke nan zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ya girmi saiwa kanta, tunda Aglaophyton ba shi da ita.

A jikin Asteroxylon kansa an ga wata funfuna a 1999, wadda daga baya aka sa wa suna Paleopyrenomycites. Ta gina 'yan tulunan iri a ƙarƙashin fatar tsiron, sau da yawa daidai ƙarƙashin ƙofofin da yake numfashi da su. Kyawun adanuwarta ya kai har ana ƙirga irin da ke cikin jakunkunanta. Amma ba a iya yanke hukunci kai tsaye ko da ran tsiron ta shiga ba, saboda haka aka bar maganar a buɗe. Wannan kamewa abar koyi ce. Da masanan suna neman suna ne, da sun ce cuta ce tun a lokacin.

Sai a 2007 Michael Krings na birnin Munik da abokan aikinsa suka bi diddigin funfuna iri uku a cikin kwantaccen karan wani tsiro, Nothia. Suka ga inda 'yan gashin da yake shan ruwa da su suka kumbura, inda ya ƙara wa bango kauri don raba mai cuta da mai lafiya, da inda ya naɗe zaren baƙon da kayan bangonsa. Har a tsakanin funfuna da funfuna an ga irin wannan kokawa a Rhynie: ƙaramar tana huda ƙunshin irin babbar, babbar tana toshe ramin daga ciki.

Abin da aka gani a jikin Potteromyces

A 2015 Strullu-Derrien tana duba siraran yankan dutsen Rhynie da ke ajiye a gidan tarihin Landan, manne a kan gilashi, sai ta ci karo da wata siffa da ba ta yi kama da komai da aka rubuta a baya ba. A kan karan Asteroxylon da ke sama da ƙasa, da kan 'yan ɓawon nan masu kama da ganye, funfunar ta dunƙule zarenta ya zama gammo. Daga nan wasu 'yan sanduna suka fito tuntu-tuntu a wajen fatar tsiron, waɗanda aikinsu fitar da ƙurar iri ne ga iska. A inda wannan ya faru, naman tsiron bai tsaya yadda yake ba. Ya mayar da martani, ya taso ya yi ƙananan tuddai masu siffar tulluwa a fuskar karan.

Abu biyu suka haɗu a nan. Na farko, tsarin funfunar irin na masu cutar ganye ne na yau: a zauna a jikin ɓangaren tsiro da ke sama, a fasa fata, a miƙa iri ga iska don ya faɗa kan maƙwabci. Na biyu, tuddan nan sun nuna tsiron yana da rai lokacin da abin ya same shi. Haɗuwarsu ce ta sa masanan suka ce cuta ce.

Duk da haka Strullu-Derrien ba ta yi gaggawar bugawa ba, kuma akwai dalili. Yankan dutse fuska ɗaya kawai yake nunawa ta abin da ke da tsawo da faɗi da kauri. In wuƙa ta bi ta karkace, abu sananne yana iya fitowa da baƙuwar siffa. Samfuri guda yana iya zama naƙasasshe, ko kuma halittu biyu ne suka hau kan juna suka yi kamar ɗaya. Sai da aka sami samfuri na biyu, a wani gilashin daban da ke cikin ajiyar Gidajen Tarihi na Ƙasar Sukotland, da siffa iri ɗaya a jikin tsiro iri ɗaya, sannan magana ta zauna. An kuma yi amfani da wani madubi na zamani da ke haska dutsen da hasken leza, yana ɗaukar hoto hawa-hawa daga sama zuwa ƙasa, kwamfuta ta haɗa hotunan su zama siffa cikakkiya da za a iya juya ta a duba ta ko'ina. Tsakanin ganin farko da buga rahoto shekara takwas ce.

Ku lura cewa ba a haƙa sabon rami ba kafin a gano wannan funfuna. Samfuran biyu suna cikin akwatunan ajiya ne, suna jiran ido da na'urar da za su iya ganinsu. Mai ganin gidan tarihi ɗakin tara ƙura ne, ga amsarsa.

An ɗauko sunan funfunar daga Beatrix Potter, Baturiyar Ingila da aka haifa a 1866 ta rasu a 1943. Duniya ta san ta da littattafan yara masu labarin wani zomo, Peter Rabbit, wanda ya shiga kasuwa a 1902. Kafin nan, funfuna ce ta ɗauke mata hankali. Ta zana ɗaruruwan hotunan naman kaza da fenti, da yawa a lokutan hutu a Sukotland, ta kuma riƙa shuka ƙurar irinsu tana kallon tsirowarsa a madubi. A 1897 ta rubuta takarda kan wannan bincike ga Ƙungiyar Linnean ta Landan. Ba a barin mata su halarci zaman ƙungiyar a lokacin, sai wani masanin funfuna na lambun Kew, George Massee, ya gabatar a madadinta. Ba a buga takardar ba. Sai a 1904 ƙungiyar ta fara zaɓen mata cikin membobinta.

Iyakar abin da dutsen ya faɗa

Masanan sun sanya Potteromyces cikin babban reshen da ake kira Ascomycota, wanda ya fi kowane reshen funfuna yawan nau'i. Yis yana cikinsa, da funfunar da aka fara samun maganin penisilin daga gare ta, da mai sa gubar afulatoksin a gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba, da mai ƙona ganyen shinkafa, da mai ɗige-ɗigen ganyen gyaɗa. Burtuntuna kuwa tana wani reshen daban. Amma ba su iya cewa ga dangin da ta fito a cikin reshen ba, domin siffar sandunan irinta ba ta dace da ta kowace funfuna mai rai ba. Suka ɗauke ta a matsayin tsatson da ya ƙare. Saboda haka kuskure ne a ce ita ce kakar cutar gyaɗa ko ta shinkafa. 'Yar gida ɗaya ce da su, wadda zuriyarta ba ta iso zamaninmu ba, kamar yadda tsiron da ta kama ma ya ƙare. Kuma babu ƙwayoyin gado da za a ciro daga gare ta a gwada, domin ba sa jure ko kusa da irin waɗannan shekaru.

Amfaninta ga masu bincike yana wani wuri. Masana suna kwatanta ƙwayoyin gadon funfunar da ke raye yau don su ƙiyasta tun yaushe rassanta suka rabu. Irin wannan lissafi yana nuna wane reshe ya riga wane, amma ba ya ba da shekara sai an ɗaure shi da burbushin da aka san shekarunsa. Potteromyces da sauran 'yan reshenta na Rhynie sun kafa turke: reshen Ascomycota bai gaza shekara miliyan 407 ba. Yana iya fin haka, ba zai yi ƙasa ba.

Kalmar "mafi tsufa" da jaridu suka fi so, a ganina, ita ce mafi rauni a labarin. Tana nufin mafi tsufa a cikin abin da aka samu zuwa yanzu, kuma Rhynie ta yi fice ne don ruwan zafi ya adana ta, ba don a can cuta ta fara ba. Tsirrai sun hau tudu shekaru miliyoyi masu yawa kafin lokacin Rhynie, kuma funfunar da ta kai ga iya fasa fata da watsa iri ta wannan tsari ba ranar ta fara koyo ba. Sannan iyakar da ke tsakanin ci-ma-zaune da mai cuta siririya ce. Wani masani zai iya duban kokawar da ke cikin karan Nothia ya ce ai wannan ma cuta ce. Abin da ya fi ƙarfi a rahoton 2023 shi ne shaidar da aka jera: ga funfuna, ga inda ta zauna, ga yadda take yaɗuwa, ga martanin tsiro, ga samfuri na biyu.

Aiki da tambayoyi

Kafin zama na gaba, kowa ya zo da ganye biyu daga gona ko lambu: ɗaya kore da aka tsinko daga jikin tsiro yana da ɗige-ɗigen cuta, ɗaya kuma wanda ya daɗe a ƙasa ya fara ruɓa. Na gyaɗa ko na wake ya fi nunawa. Ku ɗaga kowanne ga hasken rana, ku duba bakin tabon. A wane ganye tabon yake da iyaka a fili, da zobe a kewaye? A wane ne baƙin ya bazu ba iyaka? Ku zana abin da kuka gani a littafinku, sannan ku amsa waɗannan:

1. Ta waɗanne hanyoyi uku funfuna ke samun abinci? Ku kawo misalin kowace daga abin da kuka sani a gida ko a gona.
2. Me ya sa ake ganin ƙwayoyin halittar tsirran Rhynie, alhali a yawancin burbushin tsirrai tambari kawai ake samu?
3. An sami funfuna a cikin karan wani tsiro a dutse. Ƙwayoyin karan sun rushe, zare ya bazu ko'ina, babu kumburi, babu bango mai kauri. Me za ku ce game da lokacin da funfunar ta shiga?
4. Wane bambanci ke tsakanin abin da aka gani a jikin Aglaophyton da wanda aka gani a jikin Palaeonitella?
5. Me ya sa Strullu-Derrien ta jira samfuri na biyu kafin ta buga rahotonta?